Giɓin da Ke Tsakanina da Ta Fakuwa

Yanzu injin buga bulo ne ke tashe ni daga gyangyaɗin hantsi. Yana can bayan gidanmu, inda kududdufi yake a da, yana girgiza ƙasa kamar zai zazzage 'yan haƙoran da suka rage mani. In ya yi shiru mai walda ya karɓa, in shi ma ya gaji tifa ta zo ta juye yashi. Jikokina ba su ma san ana yi ba, cikin wannan hayaniya aka haife su. Ni kuwa in na lumshe ido, wata Kankiyar nake ji daban, garin nan namu yadda yake a da: luguden mata uku a turmi ɗaya, kukan kwaɗi bayan ruwan farko, guga yana bugun bakin rijiya, jaki yana kai ƙara a ƙofar zaure, sai kuma wata siririyar murya daga bayan katanga tana cewa, "Ta Kaikai, kin hura wuta?" Mai wannan murya nake so in ba da labarinta. Da ita na wayi gari shekarun da ban san adadinsu ba, kuma tun da aka fara rushe-rushen nan babu abin da na ji tsoro irin a raba ni da ita.

Daga Kaikai aka kawo ni, can ƙasar Kusada, ina yarinya mai tsiwa da saurin kuka. A unguwarmu ba a kiran matar aure da sunan yanka, garin da aka ɗauko ki shi ne sunanki har ki bar duniya. Ni na zama Ta Kaikai. Matar gidan da ke manne da namu, wadda ta riga ni zuwa da 'yan shekaru, ita ce Ta Fakuwa. Katangar ƙasa ce ta raba gidajen biyu, doguwa mai kauri, amma daidai bayan madafinmu akwai inda ruwan wata damina ya cinye tun ba a haife mu ba, ya bar giɓi mai faɗin faifai biyu, tsayinsa daga ƙasa iya ƙirjin mace. Ranar da na fara girki itacen ɗanye ne. Na yi ta hurawa har na fara ganin jiri, hayaƙi ya cika mani ido, na samu dalilin yin kukan da nake ta haɗiyewa tun da 'yan rakiya suka koma gida. Ina cikin sharɓe hawaye sai ga hannu ya ɓullo ta giɓin nan riƙe da kasko, garwashi jajir a ciki. Bayan hannun sai ga fuska, baƙa, siririya, mai wushirya.

"Amarya, karɓi nan," in ji ta. "In kika ƙarar da hawayen ga hayaƙi, da mi za ki yi ma mijin kuka?"

Na karɓa ina dariya, majina har baka. Ban san ko sunanta ba a lokacin.

Abin da ya bi ta giɓin nan, Allah kaɗai ya san yawansa. Wuta dai kullum, don ashana ba ta kowa ba ce a lokacin, wadda ta riga hurawa ita ke miƙo wa 'yar'uwarta. Gishiri ya bi, daddawa ta bi, da kanwa, da mataji, da zaren da aka kaɗa, da tuwon da ya yi daɗi da wanda ya yi gudaji ana son a ji ta bakin wani kafin maigida ya dawo. Jarirai ma ta nan ake miƙa su in uwa za ta shiga wanka. Mu matan kulle ne, ƙafarmu ba ta taka zaure da rana, amma ban taɓa jin an kulle ni ba. Ko kitso ta nan take yi mani: in kife turmi in zauna bisa, in jingina ƙeya a bakin giɓin, ita tana tsaye daga nasu ɓangaren tana ja mani gashi tana ba ni labarin duk wanda ya wuce ta lungu, alhali ita ma ba ganinsu ta yi ba, da tafiyarsu take gane su. Rana tana dukan katangar, ƙasar ta ɗumama mani wuya, ƙamshin man shanu yana tashi, kurciya tana kuka bisa darbejiya, sau da yawa barci ke kwashe ni sai ta dungure mani kai. Ni kuma mutum ce mai yawan atishawa, balle in ina tankaɗe ko dakan yaji. Da na yi, na ce alhamdulillahi, kafin in rufe baki zan ji daga bayan katanga, "Yarhamukillahu. A rage barkono, Ta Kaikai." Ko tana ɗaka, ko tana bakin rijiya, ba ta taɓa bari ta wuce ta ba.

Duk shekara, in zafi ya tsananta aka fara ganin hadari yana leƙowa daga gabas, maza ke yin yaɓe. Za su gangara kududdufi su haƙo ƙasa, jakai su yi ta jigila, a zuba a ƙofar gida, a jiƙa, a watsa ciyawa, samari su shiga da ƙafa suna cuɗawa suna waƙe-waƙensu na shaƙiyanci. Har yau in ruwan farko ya sauka bisa busasshiyar ƙasa, wannan ƙamshin nake ji, in ga kamar zan waiwaya in iske maigidana bisa tsani, laka har gemu. Gida bayan gida ake bi, yau naku gobe na maƙwabci, mu kuma muna ciki muna dama fura a manyan ƙore. To, ranar da aka zo kan katangarmu, surukata, wadda muke ce ma Iya, ba ta aikin komai. Kujerarta 'yar tsugunne take ɗaukowa ta dasa a gindin giɓin nan, ta zauna da carbinta tun safe har a wanke hannu. In mai yaɓe ya matso sai ta ɗaga sanda. Wata shekara maigidana ya ce, "Iya, wurin nan fa ya ɓata katangar, a bari in cike shi." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ku kuna da zaure, kuna da dandali, kuna da kasuwa, kuna da masallaci. Mu wannan kaɗai gare mu. Yaɓe ko'ina, nan ka tsallake." Da ya wuce ta juyo gare ni ta ce, "Ba mugunta ke sa su ba, ɗiyata. Namiji in ya ga rami hannunsa ƙaiƙayi yake. Sai an zauna an tsare." Na ji maganar kamar yadda yaro ke jin maganar tsofaffi, ta shiga ta nan ta fita ta can.

Abin kunyar shi ne, wanda ya fara toshe giɓin nan ba namiji ba ne. Ni ce, da hannuna, kuma a kan ɗan zabo.

Yayana ne ya zo daga Kaikai da farkon damina ya kawo mani ƙwan zabi. Kowa ya san zabuwa ba ta iya reno ba, kaza ake sa ma ƙwan ta kwanta. Tawa kazar ba ta kwanci a lokacin, ta Ta Fakuwa kuwa ta fara. Na miƙa mata ƙwan ta giɓi a cikin ƙoƙo, muka yi magana in an ƙyanƙyashe mu raba daidai. Tara suka fito. Huɗu nawa, huɗu nata, saura ɗaya, wani ɗan firit mai ɗingishi. Na ce ai ƙwan nawa ne. Ta ce kazarta ta yi kwanci har ƙashin ƙirjinta ya fito, ta ƙara mako guda bisa abin da ta saba, wa zai biya ta wahalarta? Da wasa aka fara. Sai ta ce mutanen Kaikai ko ƙwai suka ba ka sai sun bi shi da ido. Ni kuma ba a taɓa mani garinmu. Na faɗi abin da na faɗa, ita ma ba ta bar ni ba, ga ta da tsohon ciki, numfashi sama-sama amma bakin nan ras. Na juya na iske sauran ƙasar yaɓe a gindin rumbu, na jiƙa, na cuɗa, na dunƙula, na cike giɓin nan tsaf har na shafe shi da tafin hannu. Iya tana zaune tana kallona ba ta hana ni ba. Sai da na gama ta ce, "Ashe magini muka auro. To, Allah shi sa kada ki nemi wuta."

Kwana shida na yi ina tattalin garwashina cikin toka kamar zinariya. In na yi atishawa sai in ji shiru, in ƙara jin haushi.

Rana ta bakwai ana maimai, maza duk suna gona. Da hantsi ya ɗaga Iya da tsohuwar gidan su Ta Fakuwa suka ɗauki abinci suka bi su, 'yan matan Ta Fakuwa uku suka ɗauki ruwa. Unguwa ta yi tsit, sai kaji. Ina surfe a tsakar gida na ji an ce, "Ta Kaikai." Muryar ta zo a dushe, don ƙasar da na liƙa ta tare ta. Na ce a raina, yawwa, an gaji, za a ba da haƙuri, bari in ja aji. Na ƙara wa taɓarya ƙarfi. Ta sake kira, na yi kamar ban ji ba. Wallahi na ji, sarai na ji. Na ukun ba suna ba ne, wani nishi ne da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinsa ba, ya ratsa katangar ya shige ni har cikin hanji. Ban tuna da zaure ba, ban tuna da mayafi ba. Taɓaryar da ke hannuna na ɗaga na maka wa ginin nawa. Da yake damina ce bai gama bushewa ba, bugu uku ya rufta, ya tafi da wani ɓangare na tsohuwar katangar. Na jawo turmi na taka na dira gidansu.

Na iske ta durƙushe a ƙofar ɗaki ta rungume ginshiƙin rumfa, zufa ta jiƙe ta sharkaf, kan ɗa ya riga ya fito. Ni a lokacin ko ɓari ban taɓa yi ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da na leƙa na gani wurin kakata a Kaikai, wadda ita ce ungozomar garin. Yaron ya faɗo hannuna da cibiya naɗe a wuya, jikinsa ya saki, ba kuka ba motsi. Na warware cibiyar, na hura mashi iska a fuska, na yayyafa ruwan randa, shiru. Sai na tuna kakata tana buga tasa a kunnen irin waɗannan. Na rarumo tasar tuwo da muciya na yi ta bugawa a saitin kansa ina kiran sunan Allah, ina kuka, ina cewa ka tashi don girman Allah kada ka ja mani. Can sai ya yamutsa fuska, ya yi wata 'yar atishawa kamar ta kyanwa, sannan ya tsala ihu. Namiji, bayan mata uku. Shi ne Tanko.

Uwar tana kwance bisa tabarma, ido a rufe, leɓe ya bushe. Na ɗora mata shi bisa ƙirji. Can ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ɗan zabon nan, ki ɗauka."

"Ki yi mani shiru," na ce, na fashe da sabon kuka.

Bayan kwana biyu shirwa ta sauko ta sure ɗan zabon a gaban idonmu, ta raba gardama. Muka yi ta dariya har ɗinkin zanina ya ɓalle. Ba ta taɓa tambayata ko na ji kiran farko ba, ni ma ban taɓa faɗa mata ba. Giɓin kuwa ya ƙara faɗi, ya sauko iya ƙugu, kuma ba wanda ya sake maganar gyara shi. Ta nan Tanko ya koyi hawa, ya ci tuwo a gida biyu, ya sha duka a gida biyu. Inna yake ce mani tun bakinsa bai iya fita daidai ba, kuma da na zo na haifi nawa, shi ne yayansu.

Daga nan shekaru suka yi ta wucewa yadda suke wucewa, ba ka jin tafiyarsu. Iya ta rasu, na gaji kujerarta, ranar yaɓe ni ke zama da sanda. Mazanmu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Sannan yaɓen kansa ya mutu, don samari sun daina shiga laka, kowa siminti yake so. Kududdufin da gidajenmu duka suka fito daga cikinsa aka fara zuba mashi shara, aka bi da ƙasa, wata rana muka ji an yanka shi fuloti-fuloti. Gonakin da ake kai abinci da ƙafa yanzu unguwanni ne, rufin kwano ja da shuɗi iya ganinka, mutanen ciki ban san iyayensu ba. Wata safiya aka shafa jan fenti a zaurenmu, aka ce hanya za ta faɗaɗa. Katafila ta zo ta ture shi kafin a sauke tukunyar rana, zauren da aka ɗaura auren 'ya'yana duka a cikinsa. Ban ce hanya ba ta da amfani ba, ni ma da ita aka kai ni asibiti. Amma lungun da ya haɗa ƙofarmu da tasu shaguna suka toshe shi, aka juya ƙofar gidansu ta koma kallon arewa. Gidan da ko tari aka yi a ciki ina ji, in zan shiga ta ƙofa sai na fita titi, na tsallake lambatu bisa katako, na zagaye shaguna goma sha wani abu da wurin mai walda. Gwiwoyina sun daina wannan tafiyar. Ita kuma Ta Fakuwa ƙafafun sun riga sun ajiye aiki, ido ya yi hazo. Sai giɓin ya koma mana yadda yake muna amare. Kowace safiya surukarta ta jawo mata tabarma zuwa gindinsa, ni in jawo kujerar Iya, mu yi ta kiran sunayen matattu muna dariya, muna gardamar wace shekara ce fara ta zo.

Tanko ya zama Alhaji, yana sana'ar hatsi a Katsina, kuma ba zan ɓoye ba, ɗa ne mai albarka. Da ruwan bara ya kayar da katangarsu ta baya, ɓarayi suka shiga suka kwance awaki biyu, sai ya ce zai rushe gidan ya gina ma uwarsa na bulo, ta huta. Ya zo har ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, ya faɗa mani har katangar tsakani za a tayar sabuwa, shi zai yi duka. 

"Giɓin fa?" na ce.

Ya yi dariya. "Inna, yanzu ai zamanin waya ne. In saya maki, ku yi ta hira har ku gaji."

"Kai, tashi ka ba ni wuri. Ta wannan ramin na dira na iske ka kamar tsumma, da tasar tuwo na tashe ka. Yau kai ne za ka toshe shi? Uwarka ba ta tafiya, ni ba na tafiya. In ka rufe nan, ka raba mu ke nan sai a lahira."

Ya sunkuyar da kai, ya daina dariyar. "Wallahi ban yi tunanin haka ba, Inna. Za a bar maku taga, daidai inda yake, bulo huɗu. Na yi maki alkawari."

Kuma ya faɗa ma babban maginin, a gabana ya faɗa mashi, har aka ja layi da gawayi a ƙasa. Ya koma Katsina. Aka rushe tsohuwar katangar da safe ɗaya. Na tsaya ina kallon ƙasar da kaina ya jingina da ita shekara da shekaru ana kwasarta a baro, har na hango wani dunƙule mai shatar yatsu, na ce ko nawa ne. Kwana biyu muna zaune ni da ita ba komai a tsakaninmu, muna jin kunyar juna kamar an tuɓe mu. Ranar da aka fara jera bulo sai ga saƙo daga Kaikai, ƙanena ya rasu, wanda ya rage mani a ɗakinmu. Na shiga mota na tafi. Na tuna da maganar Iya a hanya, mun wuce Kusada ma, na ce a raina ai an ja layi, ai an yi alkawari.

Kwana huɗu na yi. Da na dawo na iske katanga ta tashi sama da tsayin namiji, an shafe ta da siminti sumul, an jera fasassun kwalabe a bisa. Babu taga. Ashe babban maginin an kira shi wani aikin, ya bar yaransa, baƙi ne daga nesa. Sun bar ramin kamar yadda aka ce, sai mai shafe ya zo daga baya ya ga wuri a buɗe, ya ɗauka mantuwa aka yi, ya cike shi, har yana faɗa ma surukar Ta Fakuwa ya gyara masu kuskure ba sai an ƙara mashi komai ba. Ita kuma yarinya ce, ta ji nauyin yi ma namiji gardama. Ban zagi kowa ba. Iya ba ta taɓa tashi daga kujerar nan ranar yaɓe ba, ni na tashi.

Jikana ya kira mani Tanko a waya. Ya yi ta salati, ya ce in yi haƙuri, Juma'a in ya zo zai sa a fasa. Juma'ar ta zo yana kan hanyar wata kasuwa. Ta gaba kuma aka ce a bari shafen ya gama kamawa kada katangar ta tsage. Muka gwada wayar. Ta Fakuwa ta riƙe ta a juye tana ta cewa, "Wa ke magana? Wace Ta Kaikai? Ta Kaikai ai tana nan bayan katanga." Na gwada ɗaga murya, injin bulo ya haɗiye ta. Da abin ya ishe ni na sa jikana ya ɗora ni bisa babur kamar buhun gero, muka zagaya. Na iske ta a sabon ɗaki mai tayil da fanka, ta ƙanƙance a tsakiyar katifa. Ta lalubo fuskata da hannu biyu.

"Ta Kaikai, kin sake toshewa?"

"Wannan karon ba ni ba ce."

"To ina taɓaryar taki?"

Muka yi dariya, amma da na koma gida dariyar ba ta bi ni ba. Washegari da hantsi na ɗauko taɓarya, na auna daidai inda giɓin yake, na tattara ɗan ƙarfin da ya rage mani na maka. Taɓaryar ta yi tsalle ta dawo, kafaɗata ta amsa har cikin kunne. Na ƙara, na ƙara. Matar ɗana ta fito da gudu tana salati ta riƙe ni, tana cewa Inna lafiya, Inna mi ya faru. Abin da na iya yi ma katangar ɗan farin tabo ne mai girman ƙwai.

Bayan kwana tara ina zaune a gindin katangar, don na saba da wurin, na jingina baya ina ɓarar gyaɗa tun hantsi. Rana mai daɗi ce, iska na kaɗawa, har na ɗan yi gyangyaɗi na yi mafarkin ana yi mani kitso. Da aka sallame azahar sai lasifikar masallaci ta yi gyaran murya, aka ce za a yi jana'izar wata baiwar Allah bayan la'asar, aka faɗi sunan yanka. Na ci gaba da ɓarar gyaɗata, ina cewa Allah shi jiƙan musulmi. Sai da aka ƙara da cewa mahaifiyar Alhaji Tanko, sannan ƙwaryar ta suɓuce daga cinyata. Tun hantsi ta cika. An aiko yaro ya faɗa mana, ya tsaya kallon katafila a titi. Ɗakin Ta Fakuwa yana manne da katangar, tsakanin bayana da katifarta bai kai taku uku ba. Da aka kai ni gidan, surukarta ta rungume ni tana kuka ta ce, "Inna, ta kira ki. Sau biyu ta kira ki."

Wancan karon na ji na ƙi amsawa, Allah ya ba ni dama na gyara. Wannan karon da na ji, da rarrafe zan tafi, amma ban ji ba. Wannan abu yana ci mani rai, kuma ba na jin zai daina.

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka watse, sai ga Tanko ya shigo gidanmu da magini riƙe da guduma da kurfi. Na ce ya bari, mi ya rage kuma? Ya durƙusa a gabana, babban mutum da furfura a gemu, yana kuka kamar ranar da na fara ganinsa. Ya ce, "Inna, ki bar ni in cika alkawari ko da ya makara." Na dafa kansa na ce na yafe, don ɗana ne, kuma ba da mugunta ya yi ba. Aka fasa. Aikin bai kai tafasar ruwan shayi ba. Taga ce mai kyau, kusurwa huɗu, an shafe bakinta sumul, daidai inda tabon taɓaryata yake. In na leƙa ina ganin tayil, da tankin ruwa, da igiyar shanya. An ce za a sa 'yan haya bayan salla.

Har yanzu nan nake jawo kujerar Iya in zauna da safe, rana ta ɗumama mani wuya, injin bulo yana ta fama a bayan gida. Jiya matar ɗana tana dakan yaji, iska ta kwaso shi ta kawo mani. Na yi atishawa, na ce alhamdulillahi, na juya kunne wajen tagar na tsaya ina jira.